Unguwar gwamnati da jama'a za su iya shiga: daga ina mai zane zai fara?

Tambaya: Wani ɗalibi da ke shekarar ƙarshe a fannin zanen gine-gine ya rubuto cewa aikin kammala karatunsa shi ne tsara unguwar gwamnatin ƙasa, wato majalisar dokoki da ma'aikatu da kotun ƙoli a wuri guda, bisa manufar cewa wurin a buɗe yake ga jama'a. Ya ce ya lulluɓe gine-ginen da gilashi, amma malaminsa ya dubi zanen ya ce har yanzu bai ga buɗewar ba. Yana tambaya me ya rage, kuma yaya ake haɗa buɗewa da tsaro.

Amsa: Ɗan'uwa, malaminka ya faɗi gaskiya, kuma gata ya yi maka da ya faɗa tun aikin yana kan takarda, domin kuskuren nan manyan masu zane sun yi shi kafin ka, wasunsu ma da maƙudan kuɗin al'umma. Hangen Dala ba shiga birni ba. Mutumin da ya tsaya bayan shinge yana hango ma'aikata ta cikin tagar da ba zai iya kusantarta ba bai fi wanda ya tsaya gaban katangar dutse kusanci da gwamnatinsa ba, abin da kawai aka ƙara masa shi ne ganin abin da aka hana shi. Saboda haka tambayar da nake so ka riƙa yi wa kowane layi da ka ja ita ce wannan: mutumin da ba shi da katin aiki, ba shi da takardar gayyata, bai kuma san kowa a ciki ba, har ina zai iya takawa kafin wani ya tare shi ya tambaye shi inda za shi? Wurin da aka yi masa wannan tambaya shi ne ainihin iyakar unguwarka, ko da kuwa a zanenka babu katanga a wurin. Aikinka duka shi ne ka matsar da wannan iyaka ciki iyakar yadda hankali zai ɗauka, ka kuma tsara ta yadda ba za a samu dalilin sake turo ta waje ba bayan ka miƙa makullai.

Tunanin cewa gilashi alama ce ta gwamnatin da ba ta ɓoye komai yana da asali, kuma ya kamata ka san shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta Yamma ta so ta nisanta kanta daga manyan gine-ginen dutse irin waɗanda Albert Speer ya zana wa Hitler, waɗanda aka yi su domin duk wanda ya tsaya gabansu ya ji shi ba kowa ba ne. Shi ya sa ginin Kotun Tsarin Mulki da ke Karlsruhe, wanda Paul Baumgarten ya zana aka kammala a 1969, da zauren majalisa na Bonn, wanda Günter Behnisch ya zana aka buɗe a 1992, suka kasance gajeru masu yawan gilashi. A wurin Jamusawa gilashin amsa ce ga tarihinsu, kuma tana da ma'ana ga wanda ya san abin da ya gabata. Da salon ya bazu a duniya sai aka ɗauki gilashin aka bar dalilin. Ko ta fuskar aiki ma, gilashi ba ya cika alkawari: da rana, lokacin da waje ya fi ciki haske, madubi yake zama, mai wucewa fuskarsa da gajimare kawai zai gani, ma'aikacin da rana ta dama zai sauke labule, jami'in tsaro kuma zai nemi a ƙara masa kauri da duhu. Ka tuna kuma cewa Suwidin ta ba 'yan ƙasarta damar duba takardun gwamnati tun 1766, a lokacin da babu wani ofishinta da aka lulluɓe da gilashi. Buɗe takarda aikin doka ne, naka kuwa buɗe wuri.

Na tabbata ƙubbar ginin Reichstag, wato majalisar Jamus da ke Berlin, tana cikin abubuwan da suka ja ka zuwa gilashi, to sai ka sake dubanta da kyau. Bayan majalisar Jamus ta yanke shawarar komawa Berlin a ranar 20 ga Yuni 1991, da ƙuri'u 338 a kan 320, Norman Foster ne ya samu aikin gyara tsohon ginin, aka buɗe shi a 1999. Shi kansa Foster ba ƙubba ya fara zanawa ba, wata ƙatuwar rumfa ce da za ta rufe ginin, 'yan majalisa ne suka dage sai ƙubba. Abin da ya sa ta samu karɓuwa shi ne hanyoyi biyu masu murɗewa da ke cikinta, ɗaya ta hawa ɗaya ta sauka, waɗanda suke kai baƙo har ƙololuwa ya tsaya a saman zauren da wakilansa suke zaune. A tsakiya akwai wani mazurari mai madubai 360 da ke jefa hasken rana cikin zauren, yana kuma fitar da iskar da ta ɗumama. Maganar gaskiya, wanda ya leƙa ƙasa daga can ba ya ganin wani abin kirki na muhawarar, balle ya ji ta. Abin da yake komawa gida da shi shi ne cewa ya taka da ƙafarsa, ba tare da biyan komai ba, ya hau kan majalisar ƙasarsa. Da za a bar gilashin a cire hanyoyin, da ƙubbar ta zama ado kawai.

Amma darasin Berlin da ya fi shafarka yana wajen ƙubbar, a wani fili da ba a gina abin da aka yi niyya a kansa ba. Axel Schultes da Charlotte Frank, waɗanda suka ci gasar tsara unguwar gwamnatin a 1993, sun jera gine-ginen a layi ɗaya daga gabas zuwa yamma yana tsallake kogin Spree, domin ya ɗinke ɓangarori biyu na birnin da katanga ta raba, ya kuma datse layin arewa zuwa kudu da Speer ya yi burin ginawa. A tsakiyar layin, tsakanin fadar shugaban gwamnati da ofisoshin 'yan majalisa, sun ajiye wani gini na 'yan ƙasa, wurin taro da muhawara. An gina fadar, an gina ofisoshin, na jama'a kuwa an jingine shi. Wannan abu yana maimaituwa a ayyukan gwamnati fiye da yadda za ka zata, kuma dalilin a fili yake: kowace ma'aikata tana da ministan da zai kare gininta a teburin kasafi, amma rabon jama'a ba shi da mai tsaya masa idan aka zo rage kuɗi. Don haka kada ka mayar da rabon jama'a wani gini na dabam da za a iya cewa sai a kashi na biyu. Ka sa shi ya zama abin da unguwar ba za ta yi aiki ba sai da shi, kamar babbar hanyar da ma'aikata kansu za su bi daga tasha zuwa ofis, ko zauren da dole kowa ya ratsa kafin ya kai ga matakala.

Akwai wata dabara da take burge ɗalibai da alƙalan gasa, wato ɗora jama'a a kan rufin majalisa, kuma ina so ka yi hattara da ita. A Canberra ta Ostireliya, Romaldo Giurgola ya nutsar da majalisar da aka buɗe a ranar 9 ga Mayu 1988 cikin tudun da take kai, ya shimfiɗa ciyawa a kanta daga ƙasa har sama, ta yadda mutum zai taso daga titi ya hau ya tsaya bisa kan masu yi masa doka. Tunani ne mai kyau ƙwarai, kuma yara sun daɗe suna gangarowa a kan wannan ciyawa. A 2017 aka gitta shingen ƙarfe mai tsayin mita 2.6 a kan ciyawar, duk da cewa tun a Disambar 2016 ɗaruruwan mutane sun taru sun yi ta mirginowa daga tudun domin nuna rashin yardarsu. Yanzu mai son hawa rufin sai ya shiga ta ƙofa, a bincike shi, ya hau ta ciki. A Brasília, babban birnin Brazil, gangarar da Oscar Niemeyer ya yi wadda take kaiwa saman majalisa a rufe take ga jama'a. A Sejong ta Koriya ta Kudu an haɗa gine-ginen ma'aikatu 15 da gadoji aka yi lambu a samansu mai tsawon fiye da kilomita 3, har ya shiga kundin Guinness a 2016, amma shigarsa sai a lokutan da aka ƙayyade kuma bisa ƙa'ida. Wurare uku a nahiyoyi uku, ƙarshensu iri ɗaya. Abin da na fahimta daga wannan shi ne cewa duk filin jama'a da aka ɗora kai tsaye a kan ɗakin da ake tsoron a kai wa hari, ranar rufe shi tana nan tafe. Filin da yake daɗewa a buɗe shi ne wanda yake ƙasa, tsakanin gine-gine, inda babu wanda zai iya kawo hujjar cewa taka shi barazana ce.

Wannan ya kawo mu ga tsaro, wanda shi ne rabin tambayarka da ya fi wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai zanen da ya ƙi yin tunanin tsaro domin yana ganin zai ɓata masa kyan zane, ya bar wa wani ne ya yi masa tunanin daga baya da buhunan yashi da guntayen kankare, kuma wannan wanin ba zai tambaye shi ra'ayinsa ba. Abu na farko shi ne ka rarrabe barazanar, domin ba iri ɗaya ba ce kuma maganinta ba ɗaya ba ne. Mota mai ɗauke da bam tazara take buƙata. Mutum mai ɗauke da makami bincike a bakin ƙofa yake buƙata. Taron da ya fusata kuwa ƙofa mai ƙarfi yake buƙata, da fili mai faɗi inda zai tsaya, da hanyoyin da zai watse ba tare da an tattake juna ba. Yawancin unguwannin gwamnati da suka zama kamar bariki sun zama haka ne saboda an haɗa waɗannan uku an ba su magani ɗaya, wato katanga mai nisa da take hana mota da mai tafiya a ƙasa baki ɗaya.

Mota ce ta fi kawo ɓarna, kuma tarihi ya nuna haka sau da yawa. A ranar 19 ga Afrilu 1995 an ajiye babbar mota daf da ginin gwamnatin tarayya na Alfred P. Murrah a birnin Oklahoma na Amurka, fashewar ta karya ginshiƙan da suke riƙe da wani babban bim, wato ƙaton dogarin kankare na kwance, da sauran benayen suke zaune a kansa, babban ɓangaren ginin ya rufta, mutum 168 suka mutu. A ranar 22 ga Yuli 2011 wata mota ta tsaya a gaban ginin da ofishin firaministan Norway yake a Oslo ta fashe, ta kashe mutum 8, alhali shekaru kafin nan an riga an yanke shawarar rufe titin Grubbegata ga motoci amma ba a aiwatar ba, abin da kwamitin bincike ya soka a rahotonsa na 2012. Ƙarfin bugun fashewa yana raguwa da sauri sosai da nisa, musamman a mitocin farko, shi ya sa dokar Amurka ta 1999 ta nemi tazarar ƙafa 100, kimanin mita 30, tsakanin sababbin ofisoshin jakadancinta da iyakar filinsu. To ga inda mai zane yake samun dama: wannan tazara da injiniyan tsaro yake nema, ita ce filin da kai ma kake nema wa jama'a. Ka tsayar da mota nesa, ka bar ƙafa ta matso. Mita 30 ɗin da aka hana wa taya za ta iya zama dandali mai bishiyoyi da wuraren zama, ba sai ta zama kangon ciyawa a bayan waya ba.

Abin da zai tsayar da motar ma ba dole ya yi kama da shinge ba. A kewayen hasumiyar tunawa da George Washington da ke birnin Washington, Laurie Olin ya maye gurbin guntayen kankaren da aka jibge da wasu gajerun katangun dutse masu lanƙwasa, tsayinsu kimanin santimita 75, aka kammala a 2005. Mota ba ta iya haye su, mutane kuwa a kansu suke zama su huta, kuma da yawansu ba su san kayan tsaro ba ne. Bambancin tudu, da tafki, da rami mai gangara da ba a hango shi daga nesa, da turakun ƙarfe masu tazarar da keken guragu zai wuce amma mota ba za ta wuce ba, duk suna yin wannan aiki. Sauran abubuwan na injiniya ne, zan ambace su a taƙaice domin ka sa su a rahotonka: kada ka ajiye garejin baƙi a ƙarƙashin zauren majalisa, ka sa a riƙa binciken motocin kaya da wasiƙu a wani wuri can nesa kafin su shigo, ka tsara ginshiƙai yadda faɗuwar ɗaya ba za ta ja sauran ba, kuma duk inda ka sa gilashi ka sa mai leda a tsakiya wanda yake tsagewa ba ya tarwatsewa, domin tartsatsin gilashi yana cikin abubuwan da suka fi raunata mutane a fashewa.

Oslo ta cancanci ka tsaya ka yi nazarinta sosai, domin ita ce ta fuskanci tambayarka ido da ido. Bayan harin, firaministan lokacin, Jens Stoltenberg, ya ce amsar ƙasar ita ce ƙarin dimokuraɗiyya da ƙarin buɗewa, sannan aka zo fassara wannan magana zuwa kankare da ƙarfe. A 2014 gwamnati ta yanke shawarar tattara yawancin ma'aikatu wuri guda a tsakiyar birnin maimakon kai su bayan gari, a 2017 kuma ƙungiyar masu zane ta Team Urbis ta ci gasar, da tsarin da ya bar filaye da lambu a buɗe ga masu tafiya a ƙasa da masu keke, aka tsayar da motoci a gefe. Amma an biya farashi. An rushe ginin da ake kira Y, wanda Erling Viksjø ya zana, a 2020, duk da doguwar adawa daga jama'a, kuma ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne cewa yana zaune a kan hanyar motoci. An dai ceto zane-zanen Picasso biyu da Carl Nesjar ya sassaƙa a jikin kankaren. Ra'ayina shi ne tattarawa tana sauƙaƙa gadi, domin iyaka ɗaya ce za a tsare, amma tana haifar da wani ƙaton dunƙule a tsakiyar birni wanda idan aka rufe shi an rufe unguwa guda. Idan ka zaɓi tattarawa, to ka yanka dunƙulen da tituna na gaske masu ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan, ta yadda mutumin da ba ruwansa da gwamnati zai bi ta ciki domin nan ce hanyarsa mafi kusa.

Girma shi ma shinge ne, ko da yake ba a kiransa haka. Brasília, wadda Lúcio Costa ya tsara aka buɗe a ranar 21 ga Afrilu 1960, tana da fili a gaban majalisa da ma'aikatu wanda ba a kewaye ba, kuma a hoto babu abin da ya fi shi kama da buɗewa. Amma tituna masu layi shida-shida ne suka saka shi a tsakiya, inuwa ta yi ƙaranci, gidajen yawancin mutanen yankin kuma suna garuruwan da ke kewaye, kilomita masu yawa daga can. A Naypyidaw, inda gwamnatin sojan Myanmar ta koma a 2005, titin da ke gaban majalisa layi 20 ne, kuma wanda ya ga hotonsa ba ya buƙatar a gaya masa cewa ba don mai tafiya a ƙasa aka yi shi ba. Ka kwatanta waɗannan da Binnenhof, mazaunin majalisar Holan a birnin Hague, tsakar gida ce da asalinta ya koma ƙarni na 13, wadda mutane suke ratsawa a ƙafa a kan hanyarsu ta yau da kullum, suna wucewa ta gefen ofishin firaminista, kafin a rufe ta domin babban gyara a 2021. Mutum yana tafiyar kimanin mita 400 cikin minti 5. Ka ɗora wannan ma'auni a kan taswirarka daga tashar bas ko ta jirgin ƙasa, ka ga ƙofofi nawa suka faɗo cikinsa. Sannan ka tambayi kanka wane ne zai kasance a wurin da ƙarfe 8 na dare da ranar hutu, domin unguwar da ofisoshi kaɗai ke cikinta tana mutuwa da zarar an tashi aiki, kuma wurin da babu kowa shi ne wanda ya fi sauƙin rufewa ba tare da an ji ƙorafi ba. Laburare, da gidan adana tarihin ƙasa, da ofisoshin da talaka yake zuwa neman takarda, su ne ya kamata su riƙe hawan ƙasa. Kada kuma ka raina inuwa, da ruwan sha, da makewayi, da wurin zama, domin su ne suke gaya wa mutum an yarda ya daɗe.

Sai ƙofa. A nan ne na fi ganin zane mai kyau yana faɗuwa. A watan Mayun 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta daina barin baƙi su shiga ta babbar ƙofarta da ke saman matakalai 44, aka mayar da su ƙofofin gefe na ƙasa domin bincike, har Mai Shari'a Stephen Breyer ya rubuta takardar nuna takaicinsa, Mai Shari'a Ruth Bader Ginsburg ta sa hannu tare da shi. Ana iya fita ta can, amma ba a shiga. A majalisar Amurka kuma an gina cibiyar karɓar baƙi a ƙarƙashin ƙasa, wadda aka buɗe a Disambar 2008 a kan dala miliyan 621, wuri ne mai faɗi da sanyi, amma ɗan ƙasa yana gangarawa ne ya shiga gidan wakilansa ta ƙasa. A Berlin ma, tun bayan barazanar da ta sa aka rufe ƙubbar na ɗan lokaci a ƙarshen 2010, sai mutum ya yi rajista tukuna, kuma an shafe shekaru ana binciken baƙi a cikin kwantenoni na wucin gadi a gaban ginin. Waɗannan tsofaffin gine-gine ne da ba a yi su da tunanin na'urar bincike ba, saboda haka suna da uzuri. Kai ba ka da shi. Ka zana zauren bincike tun farko a matsayin ɗaki mai daraja, mai rufi da haske da isasshen wurin layi, ka ɗan janye shi daga jikin babban ginin domin idan wani abu ya faru a cikinsa kada ya taɓa ginshiƙai, kuma ka sa shi a kan babbar hanyar shiga. Baƙo da ɗan majalisa suna iya bin layi dabam-dabam, amma su shiga ta fuska ɗaya. Mai keken guragu ma ta nan zai shiga, a kan gangarar da ba ta wuce tashin mita 1 a cikin kowace mita 12 ba, ba ta bayan gini wajen kwandon shara ba.

Bayan ƙofar, ka tuna cewa ainihin aikin majalisa a ɗakunan kwamitoci ake yinsa, inda ake yi wa ministoci tambayoyi ana jin ra'ayin jama'a a kan ƙudiri. Ɗalibai sukan ƙarar da ƙarfinsu a kan babban zaure, su tura kwamitoci ƙarshen wani dogon lungu a bene na biyar. A ginin Paul Löbe na majalisar Jamus, wanda Stephan Braunfels ya zana, ɗakunan kwamitoci suna jere a gefen wani dogon zaure na tsakiya, da barandar masu sauraro a samansu. Ka kusanto da su bakin ƙofa, ka ba su hanyar baƙi da ba ta ratsa ofisoshi, ta yadda buɗe su ba zai tilasta buɗe komai da komai ba.

Akwai kuma baƙon da gwamnati ba ta gayyata ba, wato mai zanga-zanga, kuma shi ne gwajin gaskiya na manufar da ka rubuta a kan zanenka. Dogon filin da ke tsakiyar Washington, wanda asalinsa yana tsarin Pierre L'Enfant na 1791 aka kuma fito da shi sosai a tsarin McMillan na 1902, shi ne ya ɗauki mutum kimanin 250,000 a ranar 28 ga Agusta 1963, ranar tattakin neman 'yancin baƙaƙen fata. A Canberra, 'yan asalin ƙasar sun kafa tantinsu a kan ciyawar da ke gaban tsohuwar majalisa a ranar 26 ga Janairu 1972, kuma yana nan har yau. Abin da ya ba waɗannan wurare ƙarfi shi ne cewa masu mulki suna iya ganinsu daga tagoginsu. Filin zanga-zangar da aka kai bayan unguwa, inda ba a gani ba a ji, sallama ce cikin ladabi. Za a kawo maka hujjar abin da ya faru a Washington ranar 6 ga Janairu 2021 da Brasília ranar 8 ga Janairu 2023, lokacin da taro ya kutsa cikin gine-ginen ya yi ɓarna. Amsarka ita ce a duka biyun abin da ya gaza shi ne layin ƙarshe, wato ƙofofi da tagogi da shirin jami'an tsaro, kuma nan ne ya kamata a ƙarfafa. Ka kuma sani cewa doka tana iya rufe abin da ka buɗe: dokar Birtaniya ta 2005 ta sa sai da izinin 'yan sanda ake zanga-zanga a yankin da ya kai kilomita 1 daga dandalin majalisa a Landan, kafin a soke wannan sashe da dokar 2011.

Idan kana neman gini ɗaya da za ka zauna da hotunansa da taswirarsa na mako guda, ni Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu da ke Johannesburg zan nuna maka, wadda aka buɗe a 2004 a harabar tsohon kurkukun da aka taɓa tsare Gandhi da Mandela. An yi amfani da bulon wani sashe na kurkukun da aka rushe a jikin sabon ginin, an rubuta sunan kotun a gaba da harsunan hukuma 11 da ƙasar take da su a lokacin, an kuma tsara zauren shiga bisa tunanin shari'a a ƙarƙashin bishiya. A ɗakin shari'ar akwai wata siririyar taga daidai da ƙasan waje, wadda alƙalai suke ganin ƙafafun masu wucewa ta cikinta ba tare da sun ga fuskokinsu ba. Gilashin da ke wannan taga ba shi da yawa, amma an san abin da ake so ya nuna da wanda ake so ya gani.

Kafin ka koma wurin malaminka, ka ƙara zane uku a kan waɗanda kake da su. Na farko taswira ce mai launi uku kawai, inda kowa zai taka ba tambaya, da inda sai an bincike shi, da inda sai ma'aikaci, kuma ka auna faɗin kowane launi ka rubuta. Na biyu hanyar mutum ɗaya ce, ka ce tsohuwa mai sanda da ta zo sauraron kwamiti, tun daga inda ta sauka a tasha har kujerar da za ta zauna, da yawan mitocin da za ta taka a rana, da inda za ta huta, da inda za a karɓi jakarta. Na uku shi ne wanda kusan babu ɗalibin da yake kawowa, wato taswirar ranar da aka samu barazana ko babban baƙo ya zo: waɗanne ƙofofi ne za a ja, ina ramukan da za a kafa shingen wucin gadi, ina za a adana shi idan an cire, wace hanya ce za ta ci gaba da zama a buɗe ko a wannan rana. A gefen wannan zane na uku ka rubuta shawararka game da wanda yake da ikon ba da umarnin rufewa, da kwana nawa umarnin zai yi kafin ya faɗi da kansa idan ba a sabunta shi ba, domin titin Pennsylvania da ke gaban fadar White House an rufe shi ga motoci ne a watan Mayun 1995, wata guda bayan harin Oklahoma, kuma har yau ba a sake buɗe musu ba.